Kofi na ƙungiya ne, a auna kwatabak da abin da ya yi da hannunsa

Jama'a, duk watan Janairu idan ya kama, masu bin ƙwallon Amurka sai su dawo da wannan gardamar: wai kwatabak, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo yana jagorantar kai hari, idan bai ci Super Bowl ba, to duk bajintarsa banza ce. Ni kam ban yarda da wannan ma'aunin ba.

Ku tuna wasan Buffalo Bills da Kansas City Chiefs na Janairun 2022. Josh Allen ya jefa ƙwallo huɗu da aka ci maki da su, bai bari abokan hamayya sun cafke ko ɗaya ba. Saura daƙiƙa 13 a tashi ya sa Bills gaba, 36 da 33. Masu tsaron bayansu suka bar Patrick Mahomes ya kai Chiefs inda suka farke. Aka shiga ƙarin lokaci, aka jefa kwabo, Chiefs suka samu, suka ci, wasa ya ƙare 42 da 36. Allen bai sake taɓa ƙwallo ba. Don Allah mene ne laifinsa? Hukumar NFL da kanta ta canza dokar bayan nan, ta yadda kowace ƙungiya za ta samu damar riƙe ƙwallo a ƙarin lokaci.

Ga Dan Marino na Miami Dolphins: shekara 17 yana wasa, a 1984 ya jefa yadi 5,084, bai taɓa ɗaga kofi ba. Trent Dilfer kuwa ya ɗaga da Baltimore Ravens a farkon 2001, masu tsaron baya ne suka yi aikin, har ƙungiyar ta rabu da shi bayan nasarar. Waye zai ce Dilfer ya fi Marino? Haka aka riƙa yi wa Messi gori kafin 2022, sai ka ce ƙafarsa ce ta canza a Qatar.

Amma kar mu yaudari kanmu, wasannin sili ɗaya ƙwale suna da nauyinsu. A nan ake karawa da manya, kuskure ɗaya ka tattara kayanka. Kofi bakwai na Tom Brady ba sa'a ba ce. Lamar Jackson ma, duk da ya zama gwarzon kaka a 2019 da 2023, sau biyu ya zubar da ƙwallo a farkon wasansu da Bills a Janairun 2025, kuma dole a lissafa masa wannan. Sai dai a lissafa har da ƙwallon da ya jefa a ƙarshe ta suɓuce wa Mark Andrews, da an yi kunnen doki.

Abin da nake cewa shi ne a kalli wasan, a ga abin da mutum ya yi da ƙwallo a hannunsa. Allon maki na mutum 53 ne da koci. Masu cewa kofi ne kawai, ku zo ku faɗa mana inda za ku ajiye Marino.