Kafin Ka Ɗauki Dutse

Ƙaunatattuna matasa, ku buɗe Littafin Ƙidaya sura 35. Allah ya umarci Isra'ila su keɓe biranen mafaka shida, uku a kowane gefen Kogin Urdun. Wanda ruwan gatarinsa ya fice daga ƙota ya kashe maƙwabcinsa (misalin yana Maimaitawar Shari'a 19), can zai gudu, dangin mamaci ba za su taɓa shi ba sai an saurare shi. Mai kisan ganganci kuwa, kuɗinsa ba zai fanshe shi ba, amma shi ma ba a kashe shi da bakin mutum ɗaya.

To, mu fa? Wani ya yi ihun "ɓarawo!" a kasuwa, ka sunkuya neman dutse, ko sunan yaron ba ka sani ba. Ina shaidunka biyu?