Wayarka ba ta da laifi, ƙirga abin da kake rubutawa

Jama'a, yau da masu cewa "wayar nan nauyi gare ta wajen rubutu" nake. Ana kawo min irinsu shago nan Sifawa, wani daga Bodinga, wani tun daga Shagari, wai a yi mata filashin ko a canza sikirin. Sau da yawa wayar lafiyarta lau. Kai ne kake rubuta abu ɗaya sau talatin a yini, harafi bayan harafi, kuma ba ka taɓa lura ba.

Masu rubuta manhaja ba su yarda da zato. Masu aiki da Emacs a kwamfuta suna da wani ɗan ƙari mai suna keyfreq, aikinsa ƙirga umarnin da mutum ya fi dannawa, don ya matso da shi kusa da yatsa. Kai ma kana iya yin naka. Buɗe WhatsApp, shiga wajen bincike, rubuta "lambar asusu" ko "kaya sun iso", ka ga jerin saƙonnin da za su fito. Yi haka da jimloli biyar. Wallahi za ka ji kunya.

To, wadda ta fi yawa ita za ka gajarta. A Gboard shiga saitin, danna Dictionary, sai Personal dictionary, sai alamar +. Sa cikakkiyar jimlar a sama, gajeren sunanta a ƙasa. Misali "slm" ta zama cikakkiyar sallama: kana rubuta haruffa uku za ta bayyana a saman kibod, ka taɓa ta. Dogon bayani, kamar farashin buhun albasa da kwatancen shago, kwafe shi ka maƙale a Clipboard, don wanda ba a maƙale ba bayan awa ɗaya yake ɓacewa. In kuskure ne a tsakiyar layi, ja yatsa a kan dogon maɓallin tazara, ba sai ka goge rabin saƙo ba.

Wani zai ce ai akwai kibod masu furanni da fitilu da ke yi maka ƙirgar da kansu. Nan ne ma na fi jin haushi. Kibod ɗin da ke ƙirga abin da kake dannawa yana ganin lambar sirrin da ka rubuta da shi. A Disambar 2017 bayanan mutum sama da miliyan 31 masu amfani da kibod ɗin ai.type suka fita fili a intanet. Kai kuma ka sauke wanda ko sunan mai shi ba ka sani ba, saboda hoton Barcelona, sannan ka buɗe manhajar banki a kansa? Haba malam!

Ko a Gboard ɗin, lambar asusu kawai za ka ajiye. Lambar sirri da BVN kada su shiga, don yara na ɗaukar wayarka su yi gem.