Fis ɗin mota ba abin wasa ba ne, ƴan kasuwa mu farga

Duk wanda ke bin babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Maraɗi, ta bi Cadawa da Agye da Gazawa, ya san irin motocin da ke ɗaukar mu da kayanmu ranar kasuwa. Yawancinsu tsofaffi ne, an yi musu ƙare-ƙare: rediyo da lasifika, ƙarin fitilu, wurin cajin waya, da agogon zafin inji da aka sayo aka ɗaura bayan na asali ya mutu. Ba mu ce ƙarin laifi ba ne. Abin da ke damun mu shi ne abin da ake yi ranar da waɗannan kaya suka ɗauke wuta.

Sau nawa muka ga direba ya ciro fis, wato fizibil, ya tarar ya ƙone, sai ya naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli, ya ce mu hau mu tafi? Jama'a, fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota. In wuta ta wuce kima sai ya tsinke, waya ta tsira. Wanda ya haɗe shi da ƙarfe ya kori mai gadi, kuma wayar ce za ta yi zafi ta narke a ƙarƙashin buhunan aya da wake da gyaɗa, ga jarkar mai a gefe. Jarin shekara guda na iya zama toka kafin a samo ruwa.

Alhali binciken ba shi da wuya. In agogo da rediyo da caja suka mutu lokaci ɗaya, da wuya a ce duk sun lalace tare. A nemi abin da ya haɗa su. Da fari a duba fis. Sannan a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda makanikai ke kira mas, domin tsatsa da ƙura da gargadar hanya kan kwance ta. Sai kan batir, in ya yi farin gari a goge a ɗaure. Ƙaramin ƙwan gwaji mai waya ya isa ya nuna inda wuta ta tsaya. Batirin ƙaramar mota volt 12 ne, in inji na aiki ya kamata awo ya nuna wajen 14. In bai kai ba, matsalar ta caji ce. In kuwa agogon zafi yana kawo haske amma allurarsa ba ta motsi, a fara duba wayarsa da abin da aka ɗaura a jikin inji kafin a sayi sabo.

Ko wadda ba ta yi boko ba za ta iya gane fis da launinsa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda aka cire, irinsa ake mayarwa. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to waya ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, kuma sa babban fis ba magani ba ne. Haka duk wayar da aka jawo kai tsaye daga batir dole a sa mata nata fis kusa da batirin.

Direbobi za su ce abin hannu ya yi ƙaranci, kuma mu ne ke matsa musu a yi sauri kada kasuwa ta watse. Gaskiya ne, mu ma muna da namu laifin. Mu ne ke cusa wayoyi biyar a caja ɗaya, mu ne ke yin tsaki in an tsaya gyara. Amma kuɗin fis nawa yake in an gwada shi da kuɗin inji? Motar da ke tafiya da mataccen agogon zafi a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi, direbanta ba zai san ruwa ya ƙare ba sai inji ya kama. Daga nan sai kwana a daji, tumatir ya ruɓe, ciniki ya wuce.

Don haka muna kira ga shugabannin tasha da ƙungiyar direbobi su riƙa leƙa akwatin fis kafin mota ta yi lodi, su kuma tabbatar kowace mota na da fis na ajiya. Masu gyaran wutar mota su ji tsoron Allah, su daina murɗa waya da haƙori su rufe da leda. Mu kuma, iyaye mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, kuɗinmu muka biya, muna da ikon tambaya. In muka ji ƙaurin roba a cikin mota, mu ce a tsaya nan take, ko da an kusa Cadawa. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya maido mu gida lafiya, amin.