Na'urar gano kifi a tafkunan Adar: a duba ƙasan ruwa kafin a duba kifi

Bidiyoyin na'urar gano kifi sun cika Facebook da TikTok: a jefa ɗan ƙaramin abu a ruwa, hoton kifi ya fito a fuskar waya. Ɗan ci-ranin Adar da ke Abijan ko Libiya zai iya sha'awar saya wa ɗan'uwansa masunci a Keita, Buza ko Madawa. Niyyar mai kyau ce. Sai dai a tafkunan wannan yanki, babban amfanin na'urar yana wajen auna zurfin ruwa da lakar da ke cinye shi.

Na'urar ba ta ɗaukar hoto. Sauti take turawa cikin ruwa, wanda ke gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, sannan ta lissafa lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka kafin ta dawo. Abin da ya fi mayar da sautin a jikin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa. Idan kwalekwale ya ratsa ta kan kifi, alamar kan fito kamar jinjirin wata a kife. Kaurin alamar da ƙarfin launinta ke nuna girman kifi. Tsawonta kuwa yana nuna daɗewar da kifin ya yi a ƙarƙashin na'urar ne kawai. Gefen dama na allon shi ne abin da ke faruwa yanzu, na hagu ya riga ya wuce.

Sautin yana bazuwa ne kamar hasken tocila. Mai faɗin digiri 20, a ruwa mai zurfin mita 2, abin da yake gani a ƙasa bai wuce faɗin santimita 70 ba. Tafkuna da madatsun Adar kuwa galibi ba su da zurfi, kuma suna ja da baya sosai a bazara. Tarwaɗa na kwanciya a taɓo, jakar iskarta ƙarama ce, don haka alamarta kan haɗe da ƙasa. Ciyawa, rassan itace da kumfa kuma kan sa na'urar ta zana kifin da babu shi. Tsohon masunci mai birgi da mamari ya fi allon sanin makwancin tarwaɗa da karfasa.

Layin da ke can ƙasan allon ne ya cancanci kulawa. Ƙasa mai tauri tana fitowa da layi mai ƙarfi, laka mai laushi kuma da layi mai rauni, ga adadin zurfin a rubuce. Wannan shi ne ciwon yankin. Ƙoramu na kwaso ƙasa daga tuddan Adar su zuba a kwari, dalilin da ya sa aka fara babban aikin raya karkara na Keita a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, inda aka dasa itatuwa aka gina shingayen tare ruwa. Madatsar Ibohaman ta daɗe tana fama da cikewa da laka. Tafkin Tabalak da ke maƙwabtaka, wanda ya shiga jerin Ramsar a 2005, shi ma yana fuskantar wannan barazana.

Wasu za su ce sanda mai tsawo ma ta isa auna zurfi. Gaskiya ne, amma na'urar kan bi tafki gaba ɗaya a yini guda, kuma wasu irinta na ajiye taswira a waya. Idan aka maimaita awon kowace shekara bayan damina, za a san inda laka ke taruwa, da tafkin da zai riƙe ruwa har 'ya'yan kifin da aka zuba su girma.

Saboda haka gara na'urar ta shiga hannun ƙungiyar masunta da ta zama mallakar mutum ɗaya. Wanda ya riƙe ta shi kaɗai zai gano ramin da kifi ke fakewa a bazara, ya kwashe har da iyayen da za su hayayyafa baɗi. Ƙungiya kuwa za ta iya hana su a wannan ramin, ta kai wa magajin gari da jami'an muhalli alƙaluma a hannu lokacin neman a yashe tafki. Ɗan ci-ranin da zai aiko da na'urar ya haɗa da kuɗin koya wa matasa biyu ko uku karanta ta, da littafin rubuta awon kowace shekara.