Wasannin Jami'a a Ƙasar Haɗeja: Ina Kokawa, Ina Iyo?

Tun daga 1966, lokacin da aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, a Ibadan, in aka ce wasa a jami'a abin da kan faɗo a rai shi ne ƙwallo da guje-guje da tsalle-tsalle. Makarantun da suka zo daga baya kuwa sawun na gaba suka bi: a share fili, a kafa raga biyu, a ce an gama. Yau ƙasar Haɗeja tana da manyan makarantu na kanta, watau Jami'ar Sule Lamiɗo da aka kafa a Kafin Hausa a 2013, da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja. Ya kamata waɗannan makarantu su dubi ƙasar da suke zaune a kai kafin su yanke irin filayen da za su gina da ƙungiyoyin da za su raya.

Ƙasar nan ta ruwa ce. Kogin Haɗeja shi ke ba da kifi da shinkafa, shi ne kuma kan ci gonaki da gidaje in ya tumbatsa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta 2022. Yaron da ya tashi a bakin kogi a Guri ko Kiri Kasamma yakan iya iyo da tuƙin kwalekwale tun yana ƙarami, amma ran da ya shiga jami'a ba mai tambayarsa wannan gwaninta. Abokin karatunsa da ya fito daga tudu kuwa har ya gama bai san yadda zai fid da kansa daga ruwa ba, balle ya ceci wani. A Ingila, jami'o'in Okusfod da Kambirij sun fara tseren kwalekwale a Kogin Temis tun 1829, don kogi ne a ƙofarsu. Ƙungiyar iyo da tuƙi a Haɗeja za ta iya ciwo lambar yabo, sa'an nan ran da ruwa ya zo ta zama rundunar ceto.

Wani zai ce ruwan fadama na sa tsargiya, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Gaskiya ne. Don haka ne ya wajaba a gina tafkin iyo na siminti a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa, a keɓe wa mata nasu lokaci. Kuɗinsa da nauyi, amma bai kai ran ɗalibi guda ba.

Kokawa da langa kuwa ba su da wannan uzuri, gama rairayi da alƙali da makaɗi kaɗai suke bukata. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, ake ba zakara takobi, jama'a na cika fili maƙil. A nan gida ma an shigar da kokawa da dambe da langa cikin bikin wasanni na ƙasa. To, me zai hana jami'ar da ke tsakiyar masu abin ta kafa ƙungiyarsu?

Wannan magana ta shafi Sashen Hausa kai tsaye. A aji ake nazarin kirari da take da waƙoƙin maza a kan takarda, alhali mazauninsu na asali fage ne. Da akwai dandalin kokawa a harabar makaranta, da ɗalibi ya ji yadda kiɗa ke tsima ɗan wasa da kunnensa, ya rubuta abin da ya gani da idonsa.

Ba a ce a rufe filin ƙwallo ba. Amma a ƙwallo jami'ar da ta zo jiya a baya take, a ruwa da rairayi kuwa 'ya'yan Haɗeja gado suka yi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.