Kada Waya Ta Mayar Da Dama Hagu

Tun da aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Mokola cikin birnin Badun a shekarar 1916, mutanenta ba su rabu da aika saƙo Arewa ba. Da can fatake masu goro da shanu su ke kai wasiƙa cikin ajami, ko kuwa a ba jirgin ƙasa. Bayan zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 sai murya ta ɗauki aikin, yau kuwa mutum kan juyo kyamarar gaba ya ɗauki kansa, ya aika wa 'yan'uwa a Kano ko Katsina ta WhatsApp.

To, a nan wata matsala take, wadda ba ƙarama ba ce. A ce malami ya zauna a zaurensa ya ɗauki karatu don almajiransa na nesa. Da saƙon ya isa, sai a ga carbi a hannunsa na hagu, rubutun allon da ya ɗaga kuma ya juya baibai, alhali kuwa da dama ya riƙe. Ko kuma ɗan kasuwa ya nuna hajarsa, lambar wayar da ke jikin shagonsa ta ƙi karantuwa. Duk wanda ya san matsayin hannun dama ga Bahaushe, wajen ci da bayarwa da karɓa, ya san irin maganar da wannan ka iya jawo wa mutumin kirki.

Dalilin shi ne, an gina kyamarar gaba ta riƙa nuna wa mai ita fuskarsa tamkar madubi, don kada ya rikice in ya motsa. Wannan ba laifi ba ne lokacin ɗauka. Laifin yana zuwa ne idan wayar ta adana hoton a haka. Wayoyi da yawa masu tsarin Android suna da makunnin madubi a cikin saitin kyamara, kamfanin Apple kuma ya sa nasa a 2020 cikin iOS 14. In an kashe shi, dama za ta zauna dama. Amma fa a lura, waɗansu manhajojin zumunta suna ɗauka da nasu tsarin, ba ruwansu da saitin wayar.

Matsala ta biyu ita ce hoton ya fito a kwance, ko kai ƙasa ƙafa sama. A cikin kowace irin wannan waya akwai wata 'yar na'ura mai jin inda nauyi ya karkata, da ita wayar ke gane sama da ƙasa. Daidai lokacin da aka danna maɓallin ɗauka, sai wayar ta rubuta alama a jikin bidiyon, cewa a juya shi digiri 90, ko 180, ko 270, ko a bar shi yadda yake. Sau ɗaya take rubuta alamar. Saboda haka wanda ya fara ɗauka da waya a tsaye, sa'an nan ya kwantar da ita, to sauran hoton duk a karkace zai tafi. Haka nan in wayar tana shimfiɗe a kan tabarma ko tebur, na'urar ba ta iya rarrabe gefe da gefe, sai ta riƙe matsayin da ta sani na ƙarshe.

Maganin duka ba ya bukatar ko kwabo. Da farko mutum ya yanke shawara inda hoton za shi. In don TikTok ne ko kallon waya, a tsaye ya fi. In kuwa don YouTube ne ko akwatin talabijin, to a kwance, gama talabijin a kwance take tun ranar da aka buɗe tashar WNTV a Badun a 1959. Sa'an nan ya ɗaga wayar sosai, ya jira alamomin kyamara su daidaita, kana ya danna, kada kuma ya sake juya ta har ya gama. Abin da ya fi duka shi ne gwaji: ya ɗauki ɗan gajeren hoto yana riƙe da takarda mai rubutu a hannun dama, ya buɗe ya duba. In rubutun ya karantu, sai ya shiga aikinsa.

Wanda kuwa ya riga ya ɗauka, bai yi asara ba. Tun 2019 iPhone ke iya juya bidiyo da birkita madubinsa a cikin ma'ajiyar hotuna, manhajar CapCut ma tana yin duka biyun. Sai dai a gyara kafin a aika, domin saƙon da ya bar Sabo ya shiga hannun mutum ɗari, ba mai bin sa gida gida ya ce da dama aka riƙe. Allah ya kiyaye mutuncin kowa, amin.