Tiyata Kyauta Ta Samu, Amma Ciki Tun Yana Ƙarami Ake Kiwonsa

A cikin watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwar cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta. Madalla da wannan, domin ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2023, cikin kowaɗanne mata huɗu da suka rasu a duniya ta dalilin ciki ko haihuwa, fiye da ɗaya 'yar Nijeriya ce. To, amma tiyata a ƙarshen tafiya take. Ke 'yar'uwa da ke zaune a ƙauyukan Dambatta, ko Bichi, ko Kunci, ina zancen farkonta?

Kin san al'adarmu. Yarinya ta yi ɓatan wata sai ta yi gum, musamman in cikin fari ne. Uwar miji ta gani ta kau da kai, miji kuwa yana gona. Ba a tuna asibiti sai ciki ya tsufa, wani lokaci ma sai an tafi goyon ciki gidan iyaye. Alhali kuwa a watannin da ake ɓoyon nan ne ake babban aikin.

Ga yadda abin yake. Ciki mako 40 ne in an ƙirga daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. Wajen mako na 6, ɗan tayin bai kai ƙwayar wake ba, amma zuciyarsa ta fara bugawa, hanyar laka da ƙwaƙwalwa kuma tana haɗewa. Shi ya sa likitoci ke son mace ta fara shan ƙwayar folik asid tun tana sa ran ciki. Kafin mako na 12 ya cika, hannu da ƙafa da yatsu da kayan ciki duk sun fito, tsawonsa kamar ɗan yatsanki. A wannan lokaci ne laulayi ke kama ki, ga tashin zuciya, ga kasala, ga nono ya yi nauyi. Kada ki sha wani jiƙo ko ƙwayar 'yan talla don maganin laulayi, domin abin da kika sha yana iya isa gare shi.

Tsakanin mako na 16 da na 20, ko kaɗan bayan haka ga mai cikin fari, za ki ji motsi. Jinin jikinki kuwa sai ƙaruwa yake, har ya kusa ƙara rabin yadda yake da, don ya ciyar da ku biyu. Nan ne ƙarancin jini ke shigowa, musamman da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, ga daka da surfe ba su ragu ba. A wurin awo ana ba da ƙwayar ƙarin jini, da allurar rigakafin tetanus, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu. A gida kuma ga zogale, da wake, da gyaɗa, da nono, da ƙwai in ya samu. Ki kwana cikin gidan sauro.

A watanni uku na ƙarshe yaro ƙiba yake yi, huhunsa na ƙosawa, har ya kai wajen kilo 3, yawanci kuma kansa ya juyo ƙasa. Ciwon baya, da ƙwannafi, da yawan fitsari, duk na tsohon ciki ne. Amma kumburin fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, alamun hawan jini ne, wanda ke kawo jijjiga. Waɗannan, da zubar jini, da ɗaukewar motsin yaro, ba a kwana da su a gida.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da awon ciki sau 8 a maimakon 4, na farko kuma kafin mako na 12 ya wuce. A wurin awo ne ake gane mai hawan jini, da mai tagwaye, da wadda ɗanta ya kwanta a gicciye. Ita ce za a ce wa ta matso kusa da babban asibiti tun kafin naƙuda. In ba haka ba, tiyata tana Kano kyauta, ita kuwa tana ƙauye da tsakar dare ana neman mota.

Saboda haka, kunya adon mace ce, amma ba a yi wa malamar asibiti ita. In ba za ki iya faɗa wa uwar miji ba, ki raɗa wa yayarki ko unguwarzoma su nema miki izini. Ku kuma iyayenmu mata, ku da kuke gane ciki tun mai shi ba ta sani ba, ku ce wa maigida ya kai ta. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Allah ya raba lafiya, amin.